Mai Komawa Gudu Bayan Rauni, Kada Ka Ji Kunyar Farawa da Tafiya



A kusan kowace zumunta akwai mutum biyu ko uku da aka san su da gudu. Wani yana shirin gwajin shiga soja ko ɗan sanda, wata tana wakiltar makarantarsu a gasar wasanni, wani likita ne ya ce masa ya rage ƙiba, wani kuma gudun asuba ne kaɗai ke kwantar masa da hankali kafin ya shiga hidimar yini. A cikinsu akwai waɗanda labarinsu iri ɗaya ne. Ya fara, ya ji ciwo a ƙwauri ko a gwiwa, ya huta mako biyu, ya koma da ƙarfinsa, ciwon ya dawo har ya fi na farko. Bayan karo na uku ko na huɗu sai ya ajiye takalmin, ya ce gudu ba rabonsa ba ne. Da su muke magana yau, da kuma mu da ke kewaye da su muna ba su shawara.

Ra'ayinmu a taƙaice shi ne: gaggawar komawa ce ke mayar da yawancin masu gudu jinya, kuma sau da yawa wannan gaggawar kunya ce ke haifar da ita. Kunyar a ga wanda ya saba yin kilomita 10 yana tafiya da ƙafa a gefen fili. Wanda ya iya haɗiye wannan kunyar na 'yan watanni, shi ne za a gani yana gudu bayan shekara goma.

Bidiyon da kowa ke so

Da yawanmu mun ga bidiyon Derek Redmond, ɗan tseren Birtaniya, domin ana yawan nuna shi a tarurrukan matasa. A wasannin Olamfik na Barselona a 1992, a zagayen kusa da na ƙarshe na gudun mita 400, tsokar bayan cinyarsa ta yage tun bai kai rabin hanya ba. Ya durƙusa, ya tashi, ya ci gaba da ɗingishi. Mahaifinsa, Jim, ya sauko daga cikin 'yan kallo, ya ratsa masu tsaro, ya riƙe ɗansa, suka nufi layin ƙarshe tare, yaron yana kuka a kafaɗarsa. Babu mai zuciya da zai kalli wannan bai ji wani abu ba.

Amma akwai abin da ba a cika faɗa ba idan an kashe bidiyon. Kafin wannan rana Redmond ya riga ya sha fama. A Olamfik na 1988 ciwon jijiyar agara ya sa ya janye ana dab da fara tsere, kuma an yi masa tiyata sau da dama kafin ya isa Barselona. A 1991 ya ci zinare a gasar duniya a Tokyo tare da abokansa uku a gudun miƙa sanda. Bayan Barselona kuwa bai sake komawa wannan matsayi ba, daga baya ma ƙwallon kwando ya koma. Ɗingishin da ya yi a ranar, bankwana ne na mutumin da ya san tseren ya riga ya kuɓuce masa. Mita ɗari biyu da wani abu ne, sau ɗaya a rayuwa, ga kuma likitoci suna jiransa a bakin fili.

Idan matashi ya ɗauki wannan hoton ya mayar da shi tsarin atisayensa na kowace safiya, yana gudu yana cije leɓe a kan ƙafar da ke ciwo don kada a ce ya karaya, ya ɗauki darasin a baibai. Abin koyi a bidiyon nan shi ne uban da ya sauko ya ba da kafaɗarsa. Za mu dawo kan wannan.

Me ya sa ciwon ke dawowa

Jiki ba ya warkewa gaba ɗaya a rana ɗaya. Zuciya da huhu suna saurin farfaɗowa: bayan 'yan makonni na atisaye, numfashi ya daidaita, mutum ya ji kamar zai iya zagaya gari. Tsoka ma tana da wadatar jini, don haka tana bin baya ba da daɗewa ba. Jijiyoyin da ke ɗaure tsoka da ƙashi, irin su agara, jinin da ke isa gare su kaɗan ne, canjinsu kuwa sai a hankali. Ƙashi ma haka: idan aka ƙara masa nauyin aiki, jiki yakan fara rushe tsohon ƙashi kafin ya gina sabo, aikin kuma na watanni ne. A tsakanin nan akwai lokacin da ƙirji ke cewa a ƙara, ƙafa kuwa ba ta shirya ba. A wannan tsakanin ne yawancin rauni ke faruwa.

Ku lissafa da kanku. A kowane taku na gudu, ƙafa ɗaya tana karɓar nauyin da ya kai ninki biyu zuwa uku na nauyin jiki. A kilomita ɗaya mutum yakan yi taku kusan dubu. Wanda ya yi wata biyu a zaune, sannan ya tashi ya yi kilomita 8 ranar farko don ya tabbatar wa kansa cewa yana nan yadda yake, ya ɗora wa jijiyar da ba ta gama haɗewa ba dubban duka a safiya ɗaya. Shi ya sa masu nazarin raunin 'yan wasa suka daɗe da lura cewa babbar alamar da ke nuna mutum zai ji rauni ita ce ya taɓa jin rauni a baya. Tsokar bayan cinya, alal misali, ta fi sake yagewa a makonnin farko bayan an koma fili.

Ɗaukewar zafi ba ita ce warkewa ba. Zafi yakan lafa idan an daina taɓa wurin, amma ƙarfin da wurin ya rasa yana nan a rashe har sai an sake gina shi. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa. Mako biyun da mutum ya ƙi ƙarawa a jinya, sau da yawa wata uku yake biya a madadinsu.

Waɗanda suka dawo

Kelly Holmes, ita ma 'yar Birtaniya, tsohuwar soja ce. A Olamfik na 1996 ta yi gudu da tsagewar ƙashi a ƙafa, ta zo ta huɗu a mita 800. A 1997 ta je gasar duniya a birnin Atina ana ganin ita ce za ta lashe mita 1500, sai rauni ya fitar da ita tun a zagayen farko, ta bar fili tana ɗingishi. A 2000 ta samu tagulla. A 2003 ciwon ƙafa ya sake kama ta a wurin atisaye a Faransa, kuma daga baya ta faɗa da bakinta cewa a lokacin baƙin ciki ya danne ta har ta riƙa ji wa kanta ciwo. A 2004, tana da shekara 34, ta samu shekarar da ta yi atisaye ba tare da wani babban rauni ba. Ta koma Atina, filin da ta bari da ɗingishi shekara bakwai da suka wuce, ta ci zinare biyu, a mita 800 da mita 1500. Baiwar tana nan tun 1997. Abin da ya ƙaru a 2004 shi ne watanni a jere na aiki ba tare da yankewa ba.

Kenenisa Bekele na Habasha yana da zinaren Olamfik uku, ɗaya a 2004, biyu a 2008. A 2010 tsokar sharaɓarsa ta yage, daga nan rauni ya riƙa bin rauni. Ya koma gudun fanfalaki na kilomita 42, ya ci na Faris a 2014 da na Balin a 2016, amma sau da dama yakan fara tsere ya kasa ƙarasawa, kamar yadda ya faru a Dubai a 2015 da 2017. Mutane da yawa sun ce zamaninsa ya wuce. A 2019 ya bar gida ya tafi ƙasar Holan na kusan wata biyu, ya miƙa kansa ga masu gashi da masu tsara abinci, ya rage nauyi, ya ƙarfafa jiki. A watan Satumba na wannan shekara, yana da shekara 37, ya gama tseren Balin cikin awa 2 da minti 1 da sakan 41. Sakan biyu kacal ya rage ya kamo bajintar duniya ta Eliud Kipchoge na Kenya. Mutumin da duniya ta sani da zinare ya yarda ya koma ɗalibi a ɗakin motsa jiki, yana yin ƙananan atisayen da babu mai tafa musu.

Kada kuma mu yaudari juna cewa duk wanda ya yi haƙuri zai koma inda yake a da. Wayde van Niekerk na Afirka ta Kudu ya kafa tarihin duniya a mita 400 a Rio a 2016, da sakan 43.03. A watan Oktoba na 2017 ya yaga jijiyar cikin gwiwarsa a wani wasan sada zumunta na ƙwallon zari-ruga. Ya yi tiyata, ya yi doguwar jinya, ya dawo. A Olamfik na Tokyo a 2021 bai kai zagayen ƙarshe ba. A gasar duniya ta 2022 a Amurka ya kai, ya zo na biyar. Bai sake yin 43.03 ba. Shin za mu ce dawowarsa banza ce? Mutumin da aka yi wa tiyata a gwiwa ya sake tsayawa cikin mutum takwas da suka fi kowa gudu a duniya. Wanda ya dawo daga rauni wani sabon mai gudu ne, da sabon jiki da sabon ma'auni. Idan ya ci gaba da auna kansa da lokacin da ya yi kafin raunin, kullum zai ga kansa a ƙasa, kuma wannan ganin ne zai tura shi ya wuce gona da iri.

Abin da za a iya cewa a kan wannan ra'ayi

Wani zai ce: ku masu rubutu kuna da lokaci, ni kuwa gwajin shiga aiki saura mako uku, ga shekaruna suna gab da wuce iyakar da aka sa. Wannan magana ce mai nauyi, ba za mu raina ta ba. Amma a duba lissafin da kyau. Idan ciwon na gajiyar tsoka ne, rage atisaye a waɗannan makonni zai sa ka isa ranar gwaji da ƙafa mai sauƙi, ba kuma za ka rasa wani ƙarfin kirki ba. Idan kuwa tsagewar ƙashi ce, gudu a kanta kullum na iya mayar da ita cikakkiyar karaya, ka rasa gwajin bana, wataƙila har da na baɗi. A kowane hali, a je a duba ƙafar tun yanzu ya fi a jira ranar. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wani kuma zai ce yawan taka-tsantsan na sa mutum ya zama matsoraci, ya zauna yana jiran ranar da ba zai ji komai ba. Shi ma yana da gaskiya. Zama kawai ba ya gyara jijiya. A 1998 wani likita ɗan ƙasar Siwidin, Hakan Alfredson, ya wallafa wata hanya ta jinyar agara: mutum ya tsaya a bakin matakala da yatsun ƙafa, ya sauke diddigensa a hankali, sau da yawa, safe da yamma, har mako 12. Da nauyin da aka auna ake warkar da jijiya, ana ƙara shi kaɗan kaɗan. Haƙurin da muke nufi aiki ne na kullum, mai gundura, wanda ba ya burge kowa. Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne.

Akwai kuma ɗan'uwan da zai ce yarda cewa ƙafa na ciwo rashin bangaskiya ne, shi ya riga ya yi addu'a. Muna yin addu'a, za mu kuma ci gaba da yi. Addu'a da asibiti ba kishiyoyi ba ne. Jikin nan amana ne a hannunmu, kuma zafi ƙararrawa ce da aka sa a cikinsa don ta tsare shi. Wanda ya ji ƙararrawa ya tsaya bai yi laifi ba.

Yadda za a koma

Kafin ka yi tunanin gudu, ka iya tafiya da sauri ta minti 30 ba tare da ciwo ba, ka kuma iya tsalle a kan ƙafar da ta ji raunin ba tare da ka yamutsa fuska ba. Idan ba ka kai nan ba, lokacin gudu bai yi ba tukuna.

Idan ka kai, fara da haɗa gudu da tafiya: minti ɗaya na sassarfa, minti biyu ko uku na tafiya, ka maimaita na kamar minti 20. Ka bar kwana ɗaya tsakani. Alƙalinka shi ne safiyar gobe. Idan ka tashi wurin ya fi jiya ciwo ko tauri, ka yi yawa, koma matakin baya. Idan bai canza ba, ƙara kaɗan a mako mai zuwa. Masu horarwa da yawa suna cewa kada ƙarin ya wuce kashi 10 cikin ɗari a mako. Ba doka ba ce, amma tana hana ɗoki ya yi mulki.

Canza abu ɗaya a lokaci ɗaya. Nisa tukuna, sauri daga baya, hawan tudu a ƙarshe. Kada ranar da ka sa sabon takalmi ta zama ranar da ka bar filin ƙasa ka hau kwalta, ka kuma ƙara nisa. Idan takalmin gwanjo ne, juya shi ka duba ƙasansa. Wanda ya cinye ta gefe ɗaya zai riƙa karkatar da ƙafarka a kowane taku. A lokacin hunturu, ɗauki minti goma kana ɗumama jiki kafin ka buɗe ƙafa.

Sau biyu a mako ka ƙarfafa sharaɓa, cinya da ƙugu. Ba sai da kuɗin shiga ɗakin motsa jiki ba, matakala da benci da jarkar ruwa sun isa. Ka ci abinci ya ishe ka, ka yi barci. Ƙashi ba ya ginuwa da yunwa. 'Yan'uwa mata, idan yawan atisaye da ƙarancin abinci suka sa al'ada ta ɗauke, wannan ba alamar ƙoƙari ba ce. Alama ce cewa jiki na cikin ƙunci, ƙashi kuma na yin rauni. A ga likita.

Akwai ciwon da ba a ciniki da shi: wanda za ka iya nunawa da yatsa ɗaya a kan ƙashi, wanda ke ƙaruwa kana cikin gudu, wanda ke sa ka ɗingishi ko ya tashe ka da dare. A tsaya, a tafi asibiti. A sani kuma cewa ƙaramar tsagewar ƙashi sau da yawa ba ta fitowa a hoton farko a makonni biyu ko uku na fari, don haka idan an ce ba a ga komai ba amma ciwon na nan, a koma. Ciwon ƙirji, jiri ko suma a lokacin gudu, waɗannan ma na likita ne nan take. Mai sikila kuwa ya nemi shawarar likitansa tun kafin ya fara.

Sai maganar ƙwaya. Shan maganin kashe zafi daga kemis don a samu a yi gudu daidai yake da cire batirin ƙararrawa a bar wutar tana ci. Irin su diclofenac da ibuprofen na iya taɓa ciki da ƙoda, musamman ga wanda ke zufa cikin zafin rana bai sha ruwa sosai ba. Tramadol kuwa mun ga abin da ta yi wa matasa a unguwanninmu, kuma wasu da ciwon jiki suka fara ta. Tun daga 1 ga Janairu 2024 hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta haramta ta a lokacin gasa. Babu tseren da ya kai a sayar masa da hankali.

Namu aikin

Mu koma ga uban Redmond. Bai tsaya a cikin 'yan kallo yana ihun a ƙara wuta ba. Ya sauko, ya daidaita takunsa da na mai ɗingishi. Wannan shi ne aikin da ke gabanmu. Mai jinya ba ƙafa kaɗai ke damunsa ba. Ya rasa abokan fita da safe, ya rasa abin da aka san shi da shi, wani lokaci ya rasa hanyar aikin da iyayensa suka sa rai a kai. Idan mace mai ƙarfin hali irin Kelly Holmes ta shiga duhu saboda rauni, kada mu ɗauka ƙanenmu da ya yi shiru wata biyu lafiya yake. A je a gaishe shi. A tambaye shi yadda zuciyarsa take, ba ƙafar kaɗai ba. Idan maganarsa ta nuna yana tunanin cutar da kansa, a sanar da babba, a kai shi ga likita, kada a rufe.

Ranar da ya dawo fili, kada a tarbe shi da "ina gudun naka na da?" Kada a sa shi tsere da yara don a gwada ko ya warke. Wani daga cikinmu ya bar nasa gudun na ranar, ya yi tafiyar minti 20 tare da shi. Tafiya a gefen fili ba ta da kunya idan mutum biyu ne ke yin ta.

Kai kuma da ka faɗi sau uku, sau huɗu, ka ajiye takalmi a ƙarƙashin gado: a duba ƙafar tukuna, a gano abin da ke jawo ciwon. Idan likita ya ce gudu ya ƙare, akwai keke, akwai iyo, akwai tafiya, ba kuma ƙarshen rayuwa ba ne. Idan ya ce hanya a buɗe take, ciro takalmin, ka fara da minti ɗaya. Sannu ba ta hana zuwa.

Allah ya ba masu jinya lafiya, ya ba mu haƙurin tafiya tare da su. Amin.